Yadda Masana'antun Sakkwato Za Su Tallafa wa Karatun Kimiyya da Lissafi

Kason harajin kamfanoni da asusun tallafa wa ilimi na TETFund ke rabawa, manyan makarantu yake tafiya, alhali tun a sakandare yaro yake rungumar lissafi ko ya guje shi har abada. Saboda haka duk mai masana'anta a Sakkwato da ke da niyyar taimakawa, sakandare ya kamata ya dosa, kuma ya fara da tambaya kafin ya fitar da kuɗi.

Ya zaɓi makaranta ɗaya ko biyu da ke kusa da shi, ya nemi izinin ma'aikatar ilimi, sannan ya zauna da malaman kimiyya su kansu, domin su ne suka san abin da ya ƙare a ɗakin gwaje-gwaje. Sau da yawa ginin yana nan, abin da babu shi ne sinadarai da kwalaben gwaji da ma'auni da ruwa da wuta. Irin waɗannan kaya ƙarewa suke yi, don haka gara a ware musu kuɗi ko kaɗan ne a kowane zangon karatu da a yi babbar kyauta sau ɗaya a gaban 'yan jarida. Jarrabawar WAEC da ta NECO duk suna da ɓangaren gwaji a aikace, kuma ɗalibin da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa, an riga an cuce shi.

Abin da ya fi kuɗi amfani, a ganina, shi ne buɗe wa ɗalibai ƙofa. Masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta fara aiki tun 1967, aji ce sukutum ga wanda ya iya nunawa. A can ake niƙa dutsen farar ƙasa, a gasa shi a tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, sannan a haɗa shi da wani ma'adini da ake kira jibsam domin kada simintin ya daskare da wuri idan an kwaɓa. Yaron da ya tsaya ya ga wannan da idonsa, ya ji injiniya yana bayanin yadda zafi ke raba dutsen da iskar da ke cikinsa, ya wuce haddar darasin, ya gane shi. Sai dai a shirya ziyarar da kyau: malami ya koyar da batun kafin ranar, a raba ɗalibai rukuni-rukuni da hular kariya, kowa ya dawo da tambayoyin da zai amsa a aji. In ba haka ba ta zama yawon buɗe ido.

Kada ƙananan masu sana'a su ɗauka ba da su ake ba. Majemin da ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa, ai da ilimin sinadarai yake aiki. Mai injin casar shinkafa kullum yana lissafin kaso nawa cikin ɗari na shanshera ke fitowa tsaba, mai haɗa sola kuma yana auna yawan farantai da baturan da gida ke bukata. Kowannensu zai iya ba da awa ɗaya a wata ya shiga aji da kayan aikinsa.

Malamai kuwa su ne aka fi mantawa. A ɗauki malamin lissafi ko na sinadarai ya yi mako biyu ko uku a masana'anta lokacin dogon hutu, a biya shi alawus, domin misalan da zai kwaso ɗaruruwan yara za su ci moriyarsu. Idan ana bukatar masu horaswa, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da cibiyarta ta binciken makamashi, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari.

A sa makarantun 'yan mata cikin tsarin tun daga farko, kuma idan kamfani yana da mace injiniya ko mai aikin gwaji, ita za a tura musu. A ƙarshen shekara a koma wurin malaman nan da aka fara zama da su, a tambaye su gwaji nawa ɗalibai suka yi da hannunsu, kuma yara nawa suka zaɓi ajin kimiyya bayan aji uku na ƙaramar sakandare.