Yadda Ake Fitar da Dunduniyar Safar Jariri da Gajeren Layi

Idan hunturu ya kankama a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, wajen Disamba da Janairu, safar jariri tana cikin abubuwan da aka fi nema a hannun masu saƙar ulu, sai dai da yawa sukan saƙa ta miƙe kamar jaka, kafin a goya yaro ta zame ta faɗi. Abin da ke ba ta mazaunin dunduniya shi ne gajeren layi, wato a tsaya kafin ƙarshen layi, a juya saƙar a koma, har tsakiya ta fi gefe yawan layuka ta yi zurfi.

A ce safar tana da ido 24 a zagaye (ido shi ne kowane madaukin zare da ke kan tsinken saƙa). Ki ware 12 domin dunduniya, ki saƙa su, ki juya. Wurin juyawar nan ne ke buƙatar lura, domin idan aka juya haka kawai sai huji ya zauna. Dabarar da ake dangantawa da Jamus ita ce mafi sauƙi a ganina: zaren yana gabanki, ki mayar da idon farko daga tsinken hagu zuwa na dama ba tare da kin saƙa shi ba, sannan ki ja zaren sama ki tsallakar da shi bayan tsinke da ƙarfi, har idon ya fito da ƙafa biyu kamar tagwaye. Jan da bai yi ƙwari ba shi ke barin kafar da ɗan yatsa zai shiga.

Ki ci gaba da kai da komo, kina juyawa dab da tagwayen da kika yi a baya kina yin sabo, har ya zama akwai 4 a dama, 4 a hagu, da ido 4 a tsakiya. Daga nan ki saƙa zagaye biyu cikakku, kina ɗaukar kowane tagwaye a matsayin ido ɗaya. Wadda ta ƙidaya su biyu za ta tarar da dunduniya ta buɗe fiye da ƙafar.

Rabi na biyu akasin na farko ne: daga tsakiya za ki fara, kina ƙara ido ɗaya kafin kowace juyawa har ki cinye 12 ɗin. Mai koyo ta fara da zare mai haske, da rana a tsakar gida, domin ƙafafun tagwaye ba sa ganuwa a baƙin ulu da hasken tocila.