Kwamfutar tebur mai ɗaukar zafi tana kashe kanta: ta inda za ka fara

Kana cikin aiki ko kana buga gem, fanka ta fara ihu kamar injin niƙa, can sai ɗif, komai ya mutu, ba saƙo ba gargaɗi kamar an zare wayar wuta. Ka kunna ta tashi lafiya lau, bayan ɗan lokaci ta sake. Abu na farko dai kar ka yi saurin cewa kwamfutar ta lalace, kuma don Allah kar ka ruga ka yi fomatin, sabon Windows ba ya cire ƙura. Kashe kanta da take yi dabara ce da aka gina a cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, idan zafi ya kusa kai maƙura sai ta fara rage gudu da kanta, shi ya sa za ka ga komai yana nauyi kafin mutuwar, idan rage gudun bai isa ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya don kar ta ƙone.

To amma kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka auna. Mutane da yawa nan suke kuskure, su ɗora hannu a jikin kesin su ce ai da zafi, hannu ba ma'auni ba ne. Ka sauke HWMonitor ko Core Temp ko HWiNFO, manhajoji ne masu nuna zafin firosesa, duk kyauta ne, ka buɗe ka bar shi a gefe. Idan kwamfutar na zaune ba ta komai, digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Celsius daidai ne. Idan tana aiki mai nauyi 70 zuwa 80 ba abin tashin hankali ba ne. Yawancin firosesan Intel iyakarsu wajen 100 ce, yawancin AMD Ryzen kuma 95, har ma jerin Ryzen 7000 da gangan aka yi su su hau 95 su zauna a can lokacin aiki mai nauyi, saboda haka ka duba irin taka kafin ka firgita. Idan kuwa ba ta ma bari ka kai ga shiga Windows, to da ka kunna ka riƙa danna Del ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows, a can za ka ga zafin firosesa da gudun fanka. In a BIOS ɗin ma ka ga lambar na hawa 70, 80, 90 ba tsayawa, ka kashe kawai, matsalar a na'urar sanyaya take ba a manhaja ba.

Ka kuma lura da lokacin da take mutuwa, domin shi kaɗai yana faɗa maka rabin labarin. Wadda ke mutuwa bayan minti ashirin ko talatin na aiki mai nauyi, galibi ƙura ce ko iska ba ta zagayawa. Wadda ke mutuwa cikin minti ɗaya biyu da kunnawa, fanka ce ta tsaya ko ƙarfen sanyayar bai zauna a kan firosesa ba.

Yanzu sai buɗewa. Ka kashe, ka zare wayar daga soket, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita, sannan ka cire murfin gefe, ka taɓa ƙarfen kesin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki saboda wutar jiki, irin wadda ke ɗan tartsatsi in ka cire riga, tana iya kashe ƙananan kayan madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a jikinsa. Duba ƙarfen nan mai haƙora-haƙora da ke ƙarƙashin fankar firosesa, hitsink kenan. Sau da yawa za ka tarar ƙura ta yi masa bargo tsakaninsa da fankar, fanka na juyawa amma iska ba ta ratsawa, aikin banza kenan. Ka fitar da kwamfutar waje ka hura da bulowa ko iskar gwangwani, ka bi lungu da burushi mai laushi. Lokacin hurawa ka riƙe fankar da yatsa ko ka tokare ta, kar ka bari iska ta yi ta wulwula ta, na san da daɗin kallo amma yana cinye mata ƙarfi. Kar ka manta da ragar tace ƙura ta gaba da wadda ke ƙarƙashin fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta, wannan ta ƙasan ita ce wadda kowa ke mantawa da ita shekara da shekaru. Ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kuwa ko kusa.

Ka mayar da wuta, murfin na buɗe, ka kunna ka zuba ido. Kowace fanka ta juya? Ta firosesa dole wayarta ta kasance a wurin da aka rubuta CPU_FAN a jikin madabod, kuma ka duba ko wata waya ce ta saki ta shiga cikin fukafukanta ta tare ta, wannan yana faruwa fiye da yadda kake zato. Fankar katin hoto ita kuma kar ta ruɗe ka, yawancin na yanzu ba sa juyawa sai katin ya ɗau zafi wajen 50 zuwa 60. Idan mai sanyaya da ruwa kake da ita, ka kasa kunne a kan famfon, ka taɓa bututan biyu, in firosesa na tafasa amma radiyeta sanyi ƙalau to famfon ya mutu, ba gyara, sai canji.

In an share ƙura, fankoki na juyawa, zafi bai sauka ba, saura man da ke tsakanin firosesa da hitsink, wanda masu gyara ke ce wa tamal fes. Aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafan biyu, idan ya shekara da yawa sai ya bushe ya zama kamar alli. Ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki ta yi ɗumi kafin ka cire hitsink ɗin, sannan ka kashe ka zare wuta, ka sassauta notunan a gicciye kaɗan-kaɗan, ka ɗan murɗa hagu da dama sannan ka ɗaga. Masu AMD na soket AM4 ku kula sosai a nan, in ka fizga kai tsaye firosesar na iya biyo hitsink ɗin ta fito, filolinta su lanƙwashe, kana neman gyara ka jawo sabon aiki. Ka goge tsohon man da sifirit na isopropyl da ƙyalle mai tsabta, ya bushe, ka ɗiga sabo a tsakiya kamar ƙwayar wake ƙarama, ka ɗora hitsink shi zai baje shi da kansa. Yawan man ba ya ƙara sanyi. Kuma kar wani ya ruɗe ka da man goge baki, bushewa yake yi ka koma gidan jiya. In hitsink ɗin Intel ne mai ƙafa huɗu na roba, ka tabbata duka huɗun sun yi ƙas sun shige, ɗaya ta saki to ƙarfen ya karkace. In kuma sabo ne ka saya, ka leƙa ƙasansa ka cire ledar da ke manne, wallahi har gwanaye wannan ledar ta sha kayar da su.

Sai wurin da ka ajiye ta. Iska ta gaba take shiga ta fita ta baya da sama, in ka cusa ta cikin kabad ko ka manna bayanta da bango ko ka ɗora ta kan kafet mai gashi, iskar da ta fitar ita za ta sake shaƙa. Gwaji mai sauƙi, cire murfin gefe ka yi aikin da ya saba kashe ta, in zafi ya sauka sosai to iskar cikin kesin ce matsala, ka duba kibiyar da ke gefen kowace fanka ko an juya wata baibai. Ka leƙa Task Manager ma, inda Windows ke nuna abin da ke aiki, idan ba ka buɗe komai ba amma firosesa na kan kashi 100, wani abu na cin ta a ɓoye, har da birus masu haƙar kirifto. In ka taɓa ƙara mata gudu a BIOS, mayar da saitin yadda ya zo.

To idan ka auna ka ga zafi bai wuce 70 ba amma duk da haka tana mutuwa, musamman daidai lokacin da gem ya ɗau nauyi, ka daina zargin zafin firosesa, ka koma kan fawa saflai. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, za ka ga saƙon Kernel-Power 41, amma shi abin da yake cewa kawai wuta ta yanke ba sallama, bai faɗi dalili ba. Hanya mafi sauƙi ka aro wani fawa saflai mai lafiya wanda ƙarfinsa ya kai ka gwada. Naka kuma kar ka kuskura ka kwance shi, akwai kafasito a ciki masu riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket, in fankarsa ta tsaya ko kana jin ƙaurin ƙonewa daga wurinsa, cire shi za ka yi gaba ɗaya ka sa wani.