Yadda Ake Shuka Alayyafo a Buhu a Cikin Gida

Gidajen haya da yawa a Tudun Wada da Kawo ba su da filin shuka, amma tsohon buhun shinkafa ya isa ya ba iyali ganyen miya.

Da farko, a huda ƙasan buhun wuri 5 ko 6 domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Sai a cika shi da ƙasa kashi biyu da busasshen takin awaki kashi ɗaya, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Ƙwayar irin alayyafo ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ya fi kyau a gauraya ta da yashi kafin a barbaɗa, sannan a rufe da ƙasa kaɗan. A ajiye buhun inda rana take samunsa sosai, nesa da kaji.

Ban ruwa kuwa a bar wa yara, don na ga yadda suke rige-rigen leƙa tsiron kafin su tafi makaranta. Ruwan wankin shinkafa ya wadatar, ban da na sabulu, kuma da hunturu a ba shi safe da yamma.

Bayan kamar mako 4 sai a fara yankan ganyen daga sama, a bar gindin ya sake tofo.