Masu ajiye babur a sito, ku kula da ɓeraye

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda duk zai ajiye babur ya yi tafiya, ko ya jingine shi don damina ta ɓata hanyar ƙauye, don Allah kada ya sa shi ɗaki ɗaya da buhunan dawa, masakwa ko gyaɗa. A Marwa da Garwa, nan arewacin Kamaru, muna yawan yin haka, kuma nan ɓarnar take farawa.

Ɓera na son wuri mai duhu wanda ba a taɓawa. Sai ya shige akwatin filtar iska ko ƙarƙashin kujera, ya yayyaga soso ya yi sheƙa. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, shi ya sa yake gwaguyar wayoyi da tiyon mai ko ba ya jin yunwa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro: waya a tsirara kusa da fetur mai ɗiga, gobara ce ke jira.

Ku cire batir, ku rufe makunnin mai, ku toshe bakin salansa da na filta da soson ƙarfe na wanke tukunya. Tsumma ba ya hana su. Ku tuna ku zare soson ƙarfen kafin tayarwa! A bar babur a wuri mai haske, nesa da bango, wani ya riƙa motsa shi duk mako.

Tarko ya fi guba, musamman a gidan da akwai yara da kaji.

Ranar ɗauka a ɗaga kujera a duba. In an ga kashin ɓera ko an ji warin mai, a tura shi wurin makaniki, kada a buga kik.