Yadda Ake Daskarar da Irin Murjani Don Kada Ya Ɓace

Sana'ata ɗura wa shanu iri ce. Ina zagaya rugage da gonakin kiwo a kewayen Daura da tulun ƙarfe ɗaure a bayan mota, cikinsa ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, cikin ruwan kuma tsinkayen roba ɗauke da maniyyin bijimai waɗanda wasunsu sun daɗe da mutuwa. Irin wannan tulun ne masana suke dogaro da shi yau wajen ceton murjanin teku. Tsarin aikinsu nake son in shimfiɗa a nan daki-daki, domin ina ganin ya kamata yaranmu masu karatun kimiyyar halittu su san shi, ko da ba su taɓa ganin teku ba.

Murjani dabba ne. Jan murjani na asali da iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya ƙashin wani danginsa ne da ake cirowa daga Bahar Rum, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Wanda nake magana a kansa shi ne mai gina tsaunuka a ruwan teku mai ɗumi marar zurfi. Ƙananan halittu ne dubbai suke haɗuwa, kowace tana fitar da farar ƙasa tana gina wa kanta mazauni, a cikin naman jikinta kuma akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda take samar mata da mafi yawan abincinta daga hasken rana. Tsaunukan nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suna raɓe da su. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba gani da bazara da digiri ɗaya kacal, ya kuma yi makonni a haka, murjani yakan kori gansakukar nan, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. Hakan ya faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan ya sake farawa a 2023. A 2018 kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjani, in ta kai digiri 2 kuwa fiye da kashi 99. Tulu ba ya sanyaya teku, wannan a fili yake. Aikinsa shi ne ya riƙe iri da rai har ranar da za a sami inda za a mayar da shi.

Farkon aiki sanin daren. Yawancin murjani sau ɗaya yake hayayyafa a shekara, da dare, 'yan kwanaki bayan wata ya cika. A babban tsaunin murjani na Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300, hakan yakan faɗo tsakanin Oktoba da Disamba. Kafin daren sai a ɗebo wasu rassa daga teku a sa su a tankunan ruwa, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken teku ta ƙasar da ke kusa da Townsville, kowace uwa, wato reshen da zai ba da iri, da mazubinta. Ana aiki da jar fitila, domin farin haske yana rikita su. Idan lokaci ya yi sai ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle masu launin ruwan hoda, kusan girman ƙwayar gero, suna ɓullowa daga jikin murjanin suna tasowa saman ruwa. Kowane ƙulli ƙwai ne da maniyyi a haɗe. A kwashe su a hankali cikin ƙaramin mazubi, kada na wannan uwa su gauraya da na waccan. Ba a jimawa ƙullin yake warwarewa: ƙwai, da yake mai ne ya yi masa yawa, sai ya yi sama, maniyyi ya zauna ƙasa, ruwan ya yi fari-fari. A zuƙe na ƙasan, a tace shi da rariya mai ƙananan ido. Daga nan 'yan sa'o'i ne kawai suka rage kafin ƙarfinsa ya tafi, shi ya sa komai sai an jera shi tun da rana.

Sai dubawa. A ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi a sa a madubin hangen ƙananan halittu, a ga yawansa da kuma nawa ne suke iyo gaba da ƙarfi. Sanyi ba ya gyara iri marar kyau, ragewa ma yake yi.

Mataki na gaba shi ne zuciyar sana'ar, kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya. Abin da yake kashe ƙwayar halitta a cikin sanyi ƙanƙara ce. Idan ruwa ya daskare yakan fitar da tsini masu kaifi, su huda fatar ƙwayar. In ka sanyaya da gaggawa, ruwan da ke cikin ƙwayar ba ya samun damar fita, sai ya daskare a ciki ya yayyaga ta. In ka yi jinkiri da yawa, ruwan waje ne yake fara daskarewa, gishirin da ya rage ya yi kauri, ya tsotse ƙwayar har ta bushe ta lalace. Mafita tana tsakiya, kuma tana buƙatar sinadarin kariya da zai shiga cikin ƙwayar ya hana tsinin nan girma. A 1949 ne Christopher Polge da abokan aikinsa a Landan suka gano cewa gilisarin yana yin wannan aikin, kuma a farkon shekarun 1950 aka haifi maraƙi da daskararren iri. Har gobe shi muke samu a tsinkayen bijimai. Murjani kuwa wani sinadari ne mai suna DMSO ya karɓe shi. Dakta Mary Hagedorn ta cibiyar Smithsonian ta Amurka, wadda take aiki a wani ɗan tsibiri a Hawai, ita da abokan aikinta suka wallafa tsarin a 2012: a haɗa maniyyin da DMSO har ya zama kashi 10 cikin 100 na ruwan, a zuba a ƙananan kwalaben roba, a riƙa rage zafi da digiri 20 zuwa 30 a kowane minti. Ba a jefa kwalbar cikin naitirojin kai tsaye. A kan tururinsa ake ɗora ta, da ma'aunin zafi a cikin kwalba ɗaya ta gwaji, sai ta sauka zuwa wajen digiri 80 ƙasa da sifili sannan a nutsar da ita. Kada kuma a manta DMSO guba ne ga ƙwayar matuƙar tana da ɗumi. Daga zubawa zuwa sanyayawa 'yan mintoci ne, ba a amsa waya a tsakani.

Tun kafin kwalba ta yi sanyi ake rubutu a jikinta, da alƙalamin da sanyi ba ya gogewa: wane nau'i ne, wace uwa ce, daga wane wuri a teku, wace rana. A shigar da shi a littafi da kwamfuta, har da gurbin da kwalbar take a cikin tulu. Ni a wurina kwalbar da babu rubutu daidai take da babu. Daga kowane rukuni kuma a narkar da kwalba ɗaya a sake dubawa a madubi, don a san abin da aka ajiye yana da rai.

Daren hayayyafa shi ne abin da ake ɗauka a hoto, amma wahalar tana cikin shekarun ajiya. Matuƙar kwalba tana ƙasa da digiri 130 ƙasa da sifili, babu abin da yake motsi a cikinta, tana iya shekaru masu yawa. Da ta haura haka, ƙanƙara ta fara sake tsiro. Tulu ba ya buƙatar lantarki, ko an ɗauke wuta wata guda babu ruwansa, amma naitirojin yana tsiyayewa kullum ko ba a buɗe ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Daura yake haura digiri 40, nakan ajiye nawa a inuwa, a kan katako, inda iska take wucewa. Duk mako ana zura baƙar sanda har ƙasa, a fito da ita a kaɗa a iska, inda farin raɓa ya tsaya nan ne iyakar ruwan, a rubuta. Akwai wani matashi da yake bina koyon aiki, ranar farko ya ɗago mazubin tsinkaye har waje yana karanta sunaye a hasken rana. Na ce masa, "Ƙanena, mayar da shi. Ba a wuce wuyan tulu, ba a wuce 'yan daƙiƙoƙi." Ya ce, "Yaya, ai har yanzu hayaƙi yake yi." Hayaƙin nan shi ne yake ruɗin mutane, domin na sama ya riga ya fara ɗumi. In ka ga raɓa ko ƙanƙara a jikin tulu ta waje, bangonsa ya lalace, a kwashe kayan a ranar. Kuma ba a tara komai a tulu ɗaya ko gari ɗaya. Ma'ajiyar murjani ta hukumar Taronga a Ostireliya tana da reshe a Sidni, tana da wani a Dubbo, garin da ke can cikin ƙasa, nesa da teku da ɗaruruwan kilomita.

Naitirojin yana ƙuna kamar wuta, don haka safar hannu mai kauri da tabarau wajibi ne. Lita ɗaya takan zama kusan lita 700 ta iska marar wari, ta kori iskar numfashi. Ba a toshe bakin tulu gam, ba a kuma zama da shi a cikin mota gilasai a rufe.

Narkarwa akasin sanyayawa ce, da sauri ake yinta a ruwa mai ɗumi, sannan a zuba irin a kan ɗanyen ƙwai na daren hayayyafa. Bayan 'yan kwanaki jarirai masu iyo su fito, a ba su fale-falen da za su manne su fara gini. An gwada wannan da murjani mai kama da ƙahon barewa na tekun Karebiyan, wanda ya ragu ƙwarai: aka ɗauki daskararren iri daga Fulorida da Fato Riko aka haɗa da ƙwai na tsibirin Kurasawo, aka sami jarirai masu rai, aka wallafa sakamakon a 2021. Murjanan da nisa ya hana su haɗuwa har abada sun haɗu ta hanyar tulu, kuma jininsu ya faɗaɗa.

Sai dai maniyyi rabin gado ne. Ƙwan murjani babba ne, cike da mai, sanyi kaɗan ma yana lalata shi, don haka masana suka koma kan jariran. Su ana sanyaya su ne farat ɗaya cikin sinadari mai kauri, ruwan ya sandare kamar gilashi ba tare da ƙanƙara ba. A 2018 Jonathan Daly da abokansa suka farfaɗo da jariran wani murjanin Hawai ta hanyar haska leza, wato siririn haske mai ƙarfi, a kan ƙurar zinariya da aka zuba a ɗigon, wadda take ɗumama shi cikin ƙiftawar ido. Kayan suna da tsada. A ƙarshen 2022 aka gwada wata siririyar raga da aka ƙera a Jami'ar Minesota a kan jariran murjanin Ostireliya, mai sauƙi da araha. A 2023 kuma aka rufe ƙananan gutsattsarin babban murjani a cikin ƙaƙƙarfan mazubin alminiyam wanda ba ya ba ruwa wurin kumbura, aka daskarar, aka narkar, suka nuna alamar rai na kwana ɗaya da aka bibiye su. Wannan na ƙarshe shi na fi sa wa ido, domin in ya kankama ba sai an jira dare ɗaya a shekara ba.

Ɗalibin Katsina da yake son wannan fanni yana da wurin farawa a gida. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aikin irin bijimai. Masu ƙyanƙyasar tarwada kuma yanka namiji suke yi kafin su sami irinsa, abin da ya yi saura ya zube. Wanda ya koyi daskarar da wannan sauran zai taimaki masu kiwon kifi, hannunsa kuma ya saba da madubi da ma'aunin zafi da tulu. Kowane nau'in halitta yana da sinadarin da yake jurewa da saurin sanyin da ya dace da shi, don haka a raba irin kashi-kashi, a gwada kowane kashi da sauri daban, a narkar, a ƙirga masu iyo, a rubuta.