Kurakuran da ke cinye gawayi da kaskon murhun Gyapa

Abin da ya raba Gyapa, murhun gawayi na ƙasar Ghana, da kurfoti na ƙarfe zalla shi ne kaskon yumɓun cikinsa mai riƙe zafi, kuma shi ake fara lalatawa a gidajen unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi. Da an sauke tukunyar wake da shinkafa sai ka ga an watsa wa garwashi ruwa. Yumɓu mai zafi in ya gamu da ruwan sanyi tsagewa yake, daga nan zafi ya riƙa zurarewa. A kwashe garwashin a zuba cikin gwangwani, a rufe ruf. Zai mutu don rashin iska, gobe a sake hura shi. Kada kuma a fasa gawayi cikin kaskon. A farfasa shi a ƙasa, kowane guda kamar girman ƙwan kaza.

Cika murhu maƙil ba ya sa girki sauri. Gawayi ya tsaya ƙasa da bakin kasko, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da gindin tukunya. Kafin a hura, a zazzage toka, a zungure ramukan kasko da tsinke. Ƙofar iska kuwa, da yawa sun ɗauka ado ce: a buɗe ta har ruwa ya tafasa, sannan a tura ta saura kaɗan. Wake ba ya son wuta mai ruri.

Hura wuta da leda mugun abu ne, hayaƙinta guba, narkakkiyar kuma ta toshe ramuka. Busasshen ɓawon kwakwa ko ƙirare sun isa.

Masu dunƙula garin gawayi, matsalarsu gaggawa. A tankaɗe garin gawayi kwano goma, a dama kwano ɗaya na garin rogo da ruwan zafi kamar koko, a cuɗa, a matse da kyau, a shanya kwana huɗu zuwa biyar, da damina fiye da haka. A fasa guda ɗaya a duba. In tsakiyarsa da sanyi-sanyi, da saura. Garin katako na Sokoban, unguwar masu aikin katako a Kumasi, sai an fara toya shi cikin durom ya koma baƙi, in ba haka ba hayaƙi zai yi ta yi.

Da hunturu wasu kan shiga ɗaki da murhu su rufe taga. Garwashi ko ya yi ja babu hayaƙi, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Ciwon kai ko jiri kusa da murhu, a fita waje nan take, a buɗe ƙofa da taga.