Yadda matashin mawaƙi yake tasowa a Ingila, da hanyar da zaka bi in kana can

Mu nan da yawanmu mun ƙara sanin Ed Sheeran ne bayan ya yi waƙa da Fireboy DML da Burna Boy, wasu kuma tun 2015 da ya cika filin Wembley dare uku a jere shi kaɗai da jitarsa. Amma yaron nan da aka haifa a 1991 ya taso a ƙaramin garin Framlingham, tsani ya taka hawa-hawa, kuma tsanin yana nan har gobe, shi dai matasan Ingila masu rubuta waƙarsu su rera da kansu suke bi. In kana zaune a can, ko karatu ya kai ka ko a can aka haife ka, kana da waƙoƙi a waya ba ka san inda zaka kai su ba, toh ga yadda abin yake tafiya.

Kafin komai duba bizarka. Bizar ɗalibi ta Birtaniya ba ta yarda ka yi sana'ar nishaɗantarwa ba, ba ta kuma yarda ka zama mai aikin kanka ba, saboda haka in da ita ka shiga kada ka fara karɓar kuɗin wasa sai ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku. Kar waƙa ta ja maka a maido ka gida.

Sai rubutu, kuma ka rubuta da yawa. A wannan layin murya mai daɗi kaɗai ba ta kai mutum ko'ina, masu murya sun yi yawa, abin da ake nema shi ne wanda yake da waƙar kansa. Sheeran tun yana sakandare yake naɗar waƙoƙinsa yana buga su a CD da kansa, kuma yawancinsu yau ba wanda yake tunawa da su, haka abin yake, sai ka zubar da marasa kyau da yawa kafin mai kyau ta fito. Ka koyi jita ko fiyano daidai yadda zaka raka kanka, ba sai ka zama gwani ba.

Daga nan ka fita daga ɗaki. Kusan kowane gari a Ingila akwai abin da suke kira open mic, dare ne da ake ajiye makirfo kowa ya zo ya rubuta sunansa a takarda a ba shi waƙa biyu ko uku, ba a biyanka kai ma yawanci ba ka biya. Gaskiya mafi yawansu a mashaya ake yi, in wannan bai kwanta maka ba akwai na shagunan kofi da na zaurukan unguwa da na ƙungiyar ɗalibai, nema kawai zaka yi. Ka je da wuri don takardar tana cika, ka saita jitarka tun kafin a kira ka, kada ka hau ka fara ba mutane haƙuri wai muryarka ta dishe, kuma in ka gama kar ka saɓa jaka ka fice, ka zauna ka saurari na bayanka domin su ne zasu gaya maka inda ake wani wasan jibi. Sheeran ya koma Landan a 2008, kuma a 2009 kaɗai ya yi wasa sama da 300, wani lokacin a gaban mutanen da basu cika benci ɗaya ba, yana kwana a kujerar falon abokai. A ganina nan ne aikin yake, a nan zaka gane wace waƙa ce take sa masu hira su yi shiru, wacce ce kuma take sa su ciro waya, kuma babu sitidiyon da zai gaya maka wannan. Waƙar bakin titi ma makaranta ce, sai dai wasu unguwannin Landan kamar Camden da Westminster suna neman lasisi, tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa sai an gwada ka kafin a ba ka wuri.

In ba ka da kuɗin ɗaukar makaɗa, akwai ƴar na'urar nan ta ƙafa da ake kira loop pedal. Zaka buga jikin jita ta naɗa ta riƙa maimaitawa, ka ɗora kiɗa a kai, ka ɗora amshi da muryarka, kafin minti ɗaya ka zama kamar mutum huɗu. Da ita Sheeran ya yi Wembley. Amma fa tana tona asiri, in ka yi kuskure a zagayen farko haka zata yi ta maimaita shi har waƙar ta ƙare, don haka ka gwada ta sosai a gida.

Idan ka samu waƙa biyu ko uku da ka tabbatar suna kama mutane, ka naɗe su da kyau ka ɗora a shafin BBC Introducing. Kyauta ne, tun 2007 ake yinsa, zaka sa lambar unguwarku sai waƙar ta tafi wajen masu shirin rediyon yankinku, in ta burge su su sa ta, in ta ƙara burge su su tura ta gaba zuwa manyan tashoshin BBC, Radio 1 ko 6 Music, har ma a kira ka dandalinsu a babban bikin waƙa na Glastonbury. Jake Bugg ɗan Nottingham ta nan ya hau wannan dandali a 2011 yana ɗan shekara 17, a 2012 kundinsa na farko ya zo na ɗaya a ƙasar. George Ezra ma ya taka dandalin a 2013. Shawarata kar ka tura waƙa goma, ka tura wadda ta fi kawai.

Bidiyo kuma ba sai mai tsada ba. Abin da ya fara fito da Sheeran shi ne wani bidiyo a tashar SB.TV ta marigayi Jamal Edwards a YouTube a 2010, shi da jita da na'urar ƙafarsa, shikenan. Kuma ka lura tashar ta masu grime ce, wato salon gambarar Landan, ba layinsa ba ne sam, amma ya shiga cikinsu har a Janairun 2011 ya fitar da ƙaramin kundi tare da su Wiley da JME da Devlin, ya kai na biyu a iTunes ba tare da wani kamfani a bayansa ba, daga nan kamfanin Asylum ya ɗauke shi, a watan Satumba kundinsa na farko ya zo na ɗaya. Kaga kenan kada ka tsaya cikin masu irin waƙarka kaɗai. Yanzu TikTok ne yake wannan aikin, shi ya taimaka wa Lola Young ta kai na ɗaya a farkon 2025, amma ita ma ta yi shekaru tana fitar da waƙoƙi kafin nan. In kuma shekarunka tsakanin 14 da 19 ne kuma kana kusa da Landan, ka nemi BRIT School da ke Croydon, ba a biyan kuɗin makaranta, nan Adele da Raye da Olivia Dean suka yi.

Toh sai maganar kuɗi, inda yara da yawa suke sakaci. Ka yi rajista da PRS for Music a matsayin marubucin waƙa, su suke karɓo maka haƙƙinka duk lokacin da aka sa waƙarka a rediyo ko aka rera ta a taro, har wasan da ka yi da kanka a ƙaramin wuri in ka tura musu jerin waƙoƙin da ka rera. PPL kuma ta masu naɗin ce da waɗanda suka yi kiɗa ko rerawa a ciki, abu biyu ne daban, ka shiga duka. In kun rubuta waƙa ku biyu ko uku, ku raba kason kowa a rubuce tun a ranar kafin a tashi, ana raha ana shan shayi, don in waƙar ta fashe ba wanda zai tuna waye ya kawo amshin. Rubutun nan shi ne jarinka, Sheeran ya rubuta wa One Direction da Justin Bieber, kuɗin yana shigo masa ko bai buɗe baki ba.

Ranar da kamfani ya miƙo kwantiragi kada zumuɗi ya sa ka sa hannu a teburin. Ka kai wa lauyan da ya san harkar waƙa, ba lauyan gidaje ba, ƙungiyar Musicians' Union ma tana duba wa mambobinta. Ka tambaya kundi nawa ake binka, wa zai mallaki naɗin kuma har tsawon yaushe, sannan in sun ƙi fitar da kundinka kana da ƙofar fita ko babu. Wannan ta ƙarshen ita ta ci Raye, a 2021 ta fito fili ta ce shekara bakwai tana hannun kamfanin Polydor ba a bar ta ta fitar da kundi ko ɗaya ba, suka rabu, ta fitar da shi da kanta a 2023, a 2024 ta kwashe kyautar BRIT, babbar kyautar waƙa ta Birtaniya, guda shida a dare ɗaya.